Ina so in gode wa Allah, amma tsadar rayuwa ta mai da ni mai mita

"Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce a Kaduna, 'ya'yanmu huɗu. Ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi, albashina naira 45,000, maigidana kuma ma'aikacin gwamnati ne. Kuɗin Keke kaɗai, zuwa da dawowa, naira 1,000 nake kashewa kullum. Kafin 20 ga wata hannunmu ya bushe. Mai shagon unguwa yana bin mu naira 28,000, ni kuma na ci bashin naira 15,000 a wata manhajar waya, maigida bai sani ba. Abin da ya fi damuna shi ne bakina. Da na dawo daga kasuwa sai mita, shinkafa kaza, mai kaza, gas kaza, har mu kwanta. Maigida ya ce gunaguni ne ya hana Isra'ilawa shiga Kan'ana, in ina da bangaskiya in yi shiru in gode wa Allah. Makon jiya na tsinci takardar kuɗin jarrabawa a ƙarƙashin katifar 'yata mai shekara 9. Ta ce ta ɓoye ne don kada in yi kuka. A majami'a ina rera waƙar godiya amma zuciyata ba ta wurin. Zunubi nake yi? Yaya zan gode wa Allah da gaske alhali tukunya ba ta cika?"

'Yar'uwata, sannu da ɗawainiya. Allah ya ga wahalarki, kuma abin da kike ji a kasuwa gaskiya ne, ba ƙarancin bangaskiya ne ya ƙirƙiro shi ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar 2024 ɗin. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, ga shi naki bai kai wurin ba. In kin ji a rediyo ana cewa hauhawar farashi ta ragu, ma'anarsa gudun hawan ne ya ragu, kayan suna nan a inda suka hau, sai 'yan kaɗan irin hatsi da suka ɗan sauko. Saboda haka kada ki ɗora wa kanki laifin abin da ya shafi ƙasa duka.

To, zunubi kike yi? A Littafi Mai Tsarki akwai kuka, akwai kuma gunaguni, kuma ba ɗaya suke ba. Duba Zabura 13. Sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe", bai ɓoye ɗacin ransa ba, amma ga Allah ya kai maganar, kuma kafin ya rufe baki ya tuna da ƙaunar Allah. Zabura 88 ma cikin duhu ta ƙare, duk da haka tana cikin Littafin. Yanzu ki duba Littafin Ƙidaya sura 11. Isra'ilawa suna tsintar manna, abincin da Allah yake saukar musu a jeji, kowace safiya, amma suka zauna a ƙofar tantunansu suna lissafin kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, suna cewa ba abin da suke gani sai wannan mannar. Sun raina abin da ke hannunsu, sun manta cewa a Masar bayi ne su, kuma maganar tasu tana yawo ne daga tanti zuwa tanti, tana kashe wa kowa jiki. Mai kuka yana kai damuwarsa inda za a iya yin wani abu a kanta. Mai gunaguni yana zuba ta a kunnen waɗanda ba su da abin yi sai su ɗauki nauyin. Jin zafin tsada ba zunubi ba ne. Maimaita farashin shinkafa daga yamma har dare a gaban yarinya 'yar shekara 9 kuwa, shi ne abin da ya kamata ki bari, kuma na ga zuciyarki ta riga ta faɗa miki haka, shi ya sa kika rubuto.

Akwai wani gunagunin da aka yi a ikkilisiyar farko, a Ayyukan Manzanni sura 6, kan cewa ba a kula da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru a gode wa Allah ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, Istifanas na cikinsu, aka danƙa musu rabon. Annabi Amos kuma, a sura 8, ya yi wa masu rage mudu suna ƙara kuɗi faɗa da sunan Ubangiji. Wato godiya ba ta ce ki kira tsada alheri ba, ba ta kuma hana ki neman ƙarin albashi ko faɗin gaskiya kan yadda ake tafiyar da ƙasa ba.

Maigidanki yana da gaskiya a gefe ɗaya. Gidan da ba a jin komai sai farashi yana gajiyar da kowa. Amma ina so ki saurari maganarsa da wani kunne. Namiji da yawa idan matarsa ta ce "gas ya ƙare, ga shi ya ƙara kuɗi", abin da ke shiga kunnensa shi ne "ka gaza". Mai yiwuwa ayar da yake jefa miki garkuwa ce yake kare kansa da ita daga kunya. Inda ya kuskure shi ne ya ba ki aya bai zauna ya duba lissafi da ke ba. Ke ce kike tsayawa gaban mai awo, ke kike ganin kuɗin da suka cika jaka bara yau ba su cika leda ba. Umarnin a yi shiru ba ya biyan naira 28,000. Ku biyun kuna jin tsoron abu ɗaya ne, ke kina fitar da naki da magana, shi yana rufe nasa da wa'azi.

Fara da yarinyar, yau ɗin nan. Ki kira ta ita kaɗai, ki zaunar da ita kusa da ke, ki ce mata: "Na gode da kika tausaya mini. Amma kuɗin makaranta aikina ne da na Babanki. Duk takardar da aka ba ki, ki kawo mini ranar, ko da kin ga raina a ɓace. Ba ke kika jawo mana wahala ba." Sannan ki je makarantar da kanki ki roƙi a raba kuɗin kashi biyu ko uku. Makarantu da yawa sun fi sauraron uwar da ta zo da wuri ta faɗi ranar da za ta biya, a kan wadda ta ɓuya sai an koro yaro. Daga nan ku kafa doka ke da maigida: ba a maganar kuɗi a kan abinci, ba a yin ta a gaban yara.

Maganar kuɗin kuma a ba ta lokacinta, domin abin da ba shi da rana shi ne yake cinye dukan ranaku. Ku zaɓi yamma ɗaya a mako, misali Lahadi bayan yara sun kwanta, minti talatin, da littafi da biro. Yadda za ki buɗe zancen yana da muhimmanci. Kada ki fara da abin da ya ƙare. Ki ce: "Baban yara, na ji maganarka, ni ma na gaji da mitar nan, ina so in daina. Ka taimake ni mu zauna mu rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita." A zaman farko ki faɗa masa bashin manhajar. Na san da nauyi, amma bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gara ya ji daga bakinki. Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji suna ba da wa'adin mako ɗaya ko biyu, suna ɗora tara a kowace ranar da aka makara, wasu kuma suna kwashe lambobin da ke wayar mutum su tura wa dangi da abokan aiki saƙon cin mutunci. Saboda haka wannan bashin shi ne na farko a biya, kafin na mai shago, kuma kada ki ci wani a wata manhajar don ki toshe wannan. Da kin biya, ki ajiye shaidar biyan, ki goge manhajar. Mai shago kuma ku je ku same shi, ku ce za ku riƙa ba shi naira 7,000 duk ƙarshen wata har wata huɗu, sabon sayayya kuma da kuɗi hannu. Idan maigida ya ƙi zama, kada ki mai da shi faɗa. Ki rubuta naki ɓangaren wata guda cur, ki ajiye masa littafin ya gani da idonsa. In har yanzu bai motsa ba, ki nemi waɗanda suka tsaya muku ranar aure, ko wani dattijon ikkilisiya da yake jin nauyinsa, su zauna da ku biyu.

Da matar nan da masu bashi suka zo kwashe 'ya'yanta biyu ta kai kuka wurin Elisha, a 2 Sarakuna sura 4, tambayar da ya yi mata ita ce me take da shi a gida. Ta fara da cewa ba ta da komai, sai ta tuna da ɗan tulun mai. Da wannan man Allah ya yi aiki, annabin kuma ya ce ta sayar, ta biya bashinta, su ci sauran. Littafin lissafin nan naki shi ne amsar wannan tambayar, shi ya sa nake ganinsa a matsayin aikin bangaskiya. Mutum ba ya iya godiya kan abin da bai san yana da shi ba.

Abu na farko da littafin zai nuna miki shi ne Keke. Naira 1,000 sau kwana 22 ya kama naira 22,000, kusan rabin albashinki ke nan yana tafiya a kan titi, abin da kike kawowa gida na gaske naira 23,000 ne. Nan ne babban ramin, ya fi ƙarin da ake yi wa magi da gishiri nesa ba kusa ba. Ki nemi malamai ko iyayen yara uku da kuke hanya ɗaya ku yi jinga da mai Keke ɗaya na wata. Ko ki duba makarantar da za ki iya zuwa da ƙafa, domin wadda za ta biya ki naira 35,000 a unguwarku ta fi wannan riba da naira 12,000. Ga kuma darasin yamma: yara huɗu ko biyar na maƙwabta, awa ɗaya da rabi, sau uku a mako, a tsakar gidanki, ba kuɗin mota. Ki karɓi kuɗin a farkon wata, don in kin bari sai ƙarshe za ki koma bin bashi gida-gida.

Sai abinci. Awon kullum da sayen ƙulli-ƙulli shi ne hanya mafi tsada, kuma talauci ne yake tilasta wa mutum ita. Mafitar ita ce haɗa hannu. Ki ƙirga mudu nawa na masara da wake gidanki yake ci a mako guda, ki ninka sau huɗu, kin san na wata. Sannan ku haɗu ku huɗu ko biyar a Zumuntar Mata, ku tara kuɗi, lokacin kaka daga Oktoba zuwa Disamba ku aiki mai amana kasuwar hatsi irin ta Saminaka ya sayo buhu ku raba. Ku sa kuɗin mota da na dako cikin lissafi tun farko, don nan ne ake yawan samun saɓani. Inda aka fi yin asara kuwa shi ne wajen ajiya. Hatsin da bai bushe ba yana yin fumfuna, masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kuma tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, wanki da dafuwa ba sa kashe ta. Ga gwaji mai sauƙi: ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba hatsin kamar sulusinta, ki ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki ajiye minti goma sha biyar ki sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. In ya bushe, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki matse iskar, ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. In ba buhun, jarka mai kyau da ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba ta isa: ki cika ta har wuya, ki sa leda a bakin ki murɗa murfin da ƙarfi. Rashin iska ne yake kashe ƙwarin, don haka rami ko da na allura ne, ko yawan buɗewa, yana ɓata aikin. Wanda za a ci a wata ki ware shi daban. Kada ki kuskura ki zuba maganin sauro ko na feshin gona a cikin wake, mutane sun mutu ta wannan hanyar.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Tumatir da tattasai da kuɓewa, a saya lokacin da suka yi araha a yanka a shanya. Wake, a jiƙa tun dare, ya fi saurin nuna, gas ko gawayi ya ragu. Waken suya yana cike gurbin nama ga yara, a awara ko a kunu. Buhun siminti uku da aka wanke, da ƙasa da taki, a gefen da ake zubar da ruwan wanke-wanke maras omo, za su ba ki alayyafo cikin mako huɗu zuwa biyar.

Akwai kuma kashe kuɗin da kunya take sa mu yi, har a cikin majami'a: ankon biki, sabon zanen taro, gudummawar da aka kira sunan mutum a bainar jama'a. Ki iya cewa "bana ba zan samu ba" da sakin fuska. Game da baiko da zakka, Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba. Ku yanke shawara ke da maigida a gaban Allah, ku nemi fastonku in kuna da tambaya, amma kada ki ci bashi mai ruwa don ki sa a faranti. In kuma wata ya zo da ba abin dafawa, ki faɗa wa shugabar Zumuntar Mata ko matar fasto. Domin irin wannan ranar aka zaɓi mutum bakwai ɗin nan.

Yanzu godiyar kanta. Kin ce kina rera waƙa zuciyarki ba ta wurin. Kada ki jira sai kin ji daɗi kafin ki gode, domin ba haka Littafin ya koyar ba. Bulus yana ɗaure ne lokacin da ya rubuta wa Filibiyawa, kuma a sura 4 ya ce koyo ya yi ya iya zama da wadar zuci, cikin ƙoshi da cikin yunwa. Abin da ake koyo kuwa, da maimaici ake iya shi. Habakuk ya lissafa asararsa ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun ba 'ya'ya, gona ba abinci, garke ba dabba, sai bayan ya faɗi wannan duka ya ce zai yi murna da Ubangiji. Bai ƙaryata komai ba. Ke ma ki bi wannan jerin. A sujadar dare, kowa a gidan, har ƙaramin, ya faɗi abu ɗaya takamaimai da ya faru ranar. Kada a tsaya kan "mun gode da rai da lafiya" kawai, don baki ya saba da shi har kunne ya daina ji. A ce: "Yau an kawo wuta mun yi guga", "tarin Auta ya lafa", "mai tumatir ta yi mini gyara". Wani ya rubuta a bayan littafin lissafin, gaba kuɗi, baya godiya. Bayan haka a kawo buƙatu, su ma da sunansu, gwargwadon abin da yara za su iya ɗauka. Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya a numfashi ɗaya, kuma yaran za su koyi cewa a gidan Kirista ana faɗin buƙata ba tare da tsoro ba.

Ga bakin kuma, lokacin da ya fi kuɓuce miki kin san shi: dawowa daga kasuwa, rana ta dake ki, jaka ba nauyi. Ki tsaya a ƙofar gida minti ɗaya ki faɗa wa Allah duk abin da ke ranki, da farashin da komai. In kin shiga, ki sha ruwa, ki rubuta farashin a littafi, ya jira Lahadi. Ki kuma lura da waɗanda kike zama da su. Akwai hirar ɗakin malamai da ta zauren WhatsApp da ba a tashi daga ita sai da ciwon kai. Ki sami 'yar'uwa ɗaya mai riƙon amana wadda za ki iya yi wa kuka, ku ƙare da addu'a. Za ki yi tuntuɓe, wata rana mitar za ta dawo. In ta faru a gaban yara, ki ce musu "ku yi haƙuri, Mama ta gaji ne", ki ci gaba.

Wani abu kuma da ba na so ki yi wasa da shi: in barci ya ƙaurace miki, ko kina yawan ciwon kai da bugun zuciya, ko kuka yana zo miki ba dalili har fiye da mako biyu, ki je asibiti a auna jininki, ki faɗa wa likita yadda kike ji ba ɓoye-ɓoye. Hawan jini ba ya sallama, kuma ganin likita bai rage wa addu'a komai ba.

Kada ki ɗauki wannan duka a rana ɗaya. Yau ki yi magana da yarinyar, gobe ki je makarantarsu. Lahadin nan ki zauna da maigida, bashin manhajar a kan gaba. Sujadar dare kuwa ku fara ta daren yau, ko da ke da yara ne kawai, kuma ki bar yarinyar nan ta fara faɗin nata. Bayan wata guda ki sake rubuto mana, ki faɗa mana abin da shafukan gaba da na baya suka nuna, mu duba tare inda za a ƙara gyarawa. Ubangiji ya riƙe ku.